Illo a Idon Mai Hoto Ɗan Gari

Sana'ar ɗaukar hoto a ƙasar Hausa da fuskar mutum ta tashi. Hoton Sallah, hoton amarya da ƙawayenta, fasfo na makaranta ko na aikin Hajji, su ne abincin mai hoto. A ɗakin hoto na da, labulen da ake ratayawa bayan mutum zanen bene ne, ko jirgin sama, ko Ka'aba. Yau kuma yaro zai zauna gaban kwamfuta ya cire katangar gidanku ya dasa maka dogayen gine-ginen Dubai. Garin da aka tsaya a cikinsa shi ake fara gogewa. Don haka idan matashi a Illo ya ce shi kam ya rasa abin ɗauka da wayarsa, gadon sana'ar ne ya bi shi, domin ba a taɓa nuna masa fadama ma ta isa a tsaya a ɗauke ta ba.

Waɗanda suka juya kyamara wajen kogi kuwa, yawanci hoto ɗaya suke ta maimaitawa: rana za ta faɗi, ruwa ya yi jajir, masunci a tsaye cikin kwalekwale ya zama baƙar inuwa. Kyau kam akwai shi. Sai dai a Yawuri aka ɗauke shi, ko a Gaya, ko a Mopti, ba mai iya bambancewa. Haka abin yake a Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi: masu hoto su jeru, kowa na jiran lokacin da dubban masunta za su ruga Matan Fada da homa da gora. Baƙon kwana biyu yana da uzuri, abin da ya tarar shi zai ɗauka.

Ɗan gari kuwa yana da lokaci, kuma kogin Kwara a yankin Bagudo yana sakawa mai haƙuri, don sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko na damina ne, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa gurɓatacce, cike da laka. Na biyu ruwan saman da aka yi ne can tsaunukan Gini, wanda ya baje a fadamun Mali ya yi watanni, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, tatacce mai duhu. Ga ciyawar tudu ta bushe ƙamas, ga hazo ya rufe sama, ba a yi ko yayyafi ba, amma kogi na ƙaruwa. Wanda zai zaɓi giginya ɗaya a bakin ruwa, ya riƙa tsayawa gindinta kowane wata a daidai lokaci guda, zai tashi ƙarshen shekara da hotuna goma sha biyu waɗanda ba mai wucewa da zai iya samunsu. Irin wannan naci ne ya ɗaukaka J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya duƙufa kan kitson matan Najeriya har ya tara hotuna wajen dubu. Mai hoto Malick Sidibe ma bakin wannan kogin ya riƙa bin samarin Bamako ranar Lahadi, bai je ko'ina nema ba.

Hazon da ake kuka da shi, a ganina, alheri ne. Yana kashe kaifin rana, inuwa ta yi laushi, gaɓar da ke can tsallake ta ɓace, mai jefa birgi ya fito shi kaɗai. A goge gilashin waya da gefen riga kafin a danna, ƙura ba ta da kunya. Sannan a durƙusa. Daga tsaye mashaya ba komai ba ce. Daga ƙasa kuwa sawun shanun Fulani ne a cikin taɓo, kowane rami da ɗan ruwansa, gefensa ya fara tsattsagewa, sawun tayar babur ya ratsa ta kai. Haka hannun mai bugun shinkafa a jikin ganga, ƙaiƙayi na tashi, ko hayaƙin banda da sassafe.

Sanin tarihi ma yana buɗe ido. Illo tsohuwar ƙasar Borgu ce, kuma fataken goro masu zuwa Gwanja sun sha yada zango a wannan yanki. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu a tsakaninsu, daga baya Turawa suka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Layin da suka ja ba a ganinsa a ƙasa, amma yana nan a cikin sefa da naira a aljihu ɗaya, da jarkokin da aka ɗaure wa babur, da hanyoyin Lolo da Tsamiya da suka yi tsit bayan rufe iyaka a Agustan 2019. Nan fa sai an yi hattara: ba a ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, ba a kuma ɗaukar mata masu wanki a bakin ruwa sai da yardarsu.

Raunin da ya fi damuna shi ne ajiya. Hoto na zaune a waya, wayar ta faɗa ruwa ko a sayar da ita, shi ke nan. Hoton da mutum ya ga ya yi masa, ya kai a wanke a takarda, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayansa.