Rabi Kyauta, Rabi a Kulle: Abin da Aka Rubuta Kan Ƙonni da Adar

Ƴan uwa ɗalibai, a fitowar da ta gabata wani daga cikinmu ya rubuta cewa ilimi ya zama kyauta yanzu, wai duk mai waya da ɗan mega ya mallaki ɗakin karatu. Na so in yarda da shi. Sai na ce bari in gwada da abu guda a hutun nan: in tattara abin da masu bincike suka rubuta kan bauta da wahaya a yankinmu, daga Ƙonni zuwa Illela da Madawa, in ga mi zan samu ba tare da na biya ko dala ba.

Ban zaɓi wagga magana don neman fitina ba. A nan garin aka fara shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 kan jika 240. A kotunan Ƙonni aka yi ta juya maganarta, har aka ɗaure ta da sunan ta yi aure kan aure, kafin kotun CEDEAO ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta, ta kuma ce a biya ta sefa miliyan 10. Ana karantar da wannan shari'a a jami'o'in duniya. Mu da aka yi abin a ƙofar gidanmu, mi muka karanta a kai?

Abu na farko da na samu, cikin minti biyar, shi ne rahoton da ƙungiyar Timidria da Anti-Slavery International suka fitar a 2012 kan wahaya, wanda Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka rubuta. Kyauta yake. Kuma a ba shi haƙƙinsa: ya saurari matan da kansu, ya kawo labarinsu, yadda aka saye su suna yara, aikin da suke yi, matsayin ɗiyan da suka haifa. Wanda ya karanta shi ba zai sake cewa abin tatsuniyar ƴan furoje ba ne. Amma rahoto ne na gwagwarmaya. An rubuta shi don ya motsa alƙalai da ƴan majalisa da masu ba da tallafi, don haka ƙarfinsa yana ga nuna cewa abin yana nan kuma laifi ne. Tambayar da ta fi damuna, wato mi ya sa nan, mi ya sa har yau bayan dokar 2003 da ta mai da bauta laifi, ban ƙoshi da amsarta ba. Ba laifin marubutan ba ne. Ba abin da aka aike su ke nan ba.

Amsar tana wani wuri, kuma wurin a kulle yake. A 2015 gidan ɗab'i na jami'ar Kambirij a Ingila ya buga littafin Benedetta Rossi mai suna From Slavery to Aid, kan Adar daga 1800 zuwa 2000. Wani aboki da ke karatu a Sakkwato ya ba ni aronsa na kwana goma, na yi ta fama da Turancinsa da ƙamus a gefe. Wallahi ya ci wahalar.

Abin da ya burge ni shi ne matar ba ta tsaya a fanni guda ba. Ta ɗauko takardun turawan mulkin mallaka, ta zauna da tsofaffi a ƙauyuka shekara da shekaru, ta dubi ƙasar kanta, duwatsunta da fadamunta da ƙarancin ruwanta, ta kuma bi lissafin guminta: wa ke aiki, wa ke ci. Daga nan ta fito da hujjarta, cewa a ƙasa irin Adar inda noma ba ya da tabbas, iko bai tsaya ga mallakar gona ba, yana ga wanda ke iya tafiya inda ya so kuma ya hana wani tafiya. Mai raƙumi da takobi yana yawo, bawa yana zaune inda aka aje shi. Da ka riƙe wannan, sai abubuwa da yawa su buɗe maka. Ka gane dalilin da cin rani ya zama wa jikokin bayi hanyar ƴanci, ka kuma gane dalilin da ya sa mace, wadda ba a bari ta ɗauki jaka ta nufi Legas ko Abijan, ita ce ta fi daɗewa cikin ƙangi. Ashe amsar tambayata kan wahaya tana nan, ko da yake littafin ba a kan wahaya kaɗai aka yi shi ba.

Sai ta kawo maganar furojen Keita da aka buɗe a 1984 da kuɗin Italiya, inda aka yi ta haƙa ramuka da jera duwatsu da dasa itatuwa ana biyan mutane da abinci, kuma mafi yawan ma'aikatan mata ne, maza sun tafi bida. Ta jera wannan kusa da aikin tilas na zamanin Faransa, ta ce a duba yadda masu iko daga waje suke samun gumin mutanen Adar da arha a kowane zamani. A nan ina da ja. Ba ta ce abu ɗaya ne ba, gaskiya, amma sunan littafin kansa yana jan mai karatu can. Wanda ya ji labarin yunwar El-Buhari daga bakin kakarsa ya san abin da tiya guda take nufi a waccan shekara, kuma tsohuwar da ta ɗauki dutse a kai don a ba ta hatsi da mai ba lalle ta yarda a sa ta layi ɗaya da wanda gumiya ya koro da bulala ba. Wannan gardama ce da ya kamata a yi ta a Keita da Tawa da nan Ƙonni, da Hausa da Tamajak, a gaban matan da suka yi aikin. Ina za a yi ta, alhali littafin da Turanci yake, kuma kuɗinsa da na kawo shi ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi?

Kada ku ce ai baturiya ce shi ya sa. Namu fa? Djibo Hamani ya buga tarihin Adar kafin zuwan turawa a 1975, cikin jerin Études Nigériennes na cibiyar IRSH da ke Yamai. A wannan shekara da wannan jeri ne kuma Nicole Échard ta fitar da nata kan tarihin manoman Hausa na Adar. Yau jami'ar Tawa sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi. A fadarmu akwai masu karatu can, na tambaye su, babu wanda ya taɓa riƙe littafin da hannunsa. Muna rubuta sunan mutum a saman takardar jarrabawa, ba mu san abin da ya ce kan Illela ba.

To ga abin da na gane. Ana ta yabon binciken da ke haɗa fannoni, tarihi da shari'a da nazarin al'umma da tattalin arziki, kuma yabon gaskiya ne, don rayuwar mutum ba ta rabu fanni-fanni ba. Amma idan ilimin ya taso zai dawo mana, sai a tsaga shi a hanya. Rabin da ke cewa ga matsala yana zuwa kyauta. Rabin da ke cewa ga asalinta yana tsayawa bayan ƙofa. Kuma ba haɗari ba ne. Abin da aka fi sakin mana kyauta shi ne abin da mai ba da tallafi ya riga ya biya, kuma wanda ya biya shi ke da tambaya.

Ku dubi gandarin noman rani na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango suke ba ruwa daga Magiya. Bayan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016, an gyara shi, an kuma yi ta shiga gidaje da takardun tambayoyi. Akwai rahotanni a intanet, kowa na iya saukewa. Tambayoyinsu na mai kuɗi ne: amfanin gona ya ƙaru, kuɗin shiga ya ƙaru? Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai manomin da ke can ƙarshen magudana yana da tasa, game da wanda ke buɗe ruwa da dare da wanda ke haya da wanda ke da takarda, kuma shi ba ya da kuɗin ɗaukar masu bincike.

Inda na ga haske shi ne LASDEL, cibiyar binciken al'umma da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suke cikin waɗanda suka assasa ta. Jerin takardunsu, Études et Travaux, ya haura ɗari, kuma a shafinsu ana saukewa ba ko tamma. Sun yi aiki kan asibitoci, kan cin hanci, kan yadda aka raba iko zuwa ga kwaminoni. Mafi yawan masu binciken ƴan ƙasa ne masu jin harsunan mutanen da suke tambaya. Daga nan ne maganar normes pratiques ta yaɗu, wato tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da ƙa'idar da ma'aikata suke bi a zahiri. Ɗan Ƙonni da ya taɓa ƙetare iyaka zuwa Illelar Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Su ma dai suna karɓar aikin kwangila daga masu tallafi, kuma da Faransanci suke rubutu, irin wanda ɗan lise sai ya yi gumi. Duk da haka sun nuna cewa cibiya a Nijar tana iya buga aikinta ta sake shi kyauta, duniya kuma ta ɗauke ta da daraja. Haka ma Persée da OpenEdition na Faransa, inda za ku sami tsofaffin mujallun nazarin Afirka. Ku leƙa, akwai dukiya.

Akwai wani tarko da abokinmu bai ambata ba. Tun bayan sanarwar Budafes ta 2002 da ta yi kiran a buɗe ilimi, manyan gidajen ɗab'i sun sami dabara: mai karatu ba zai biya ba, marubuci zai biya. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 kan maƙala guda, sama da sefa miliyan 6. Mujallun nazarin al'umma ba su kai haka ba, kuma wasu gidajen suna yafe wa ƙasashe irin tamu, a faɗi gaskiya. Amma tsarin da malaminmu na Tawa sai an yafe masa kafin ya yi magana, shi kuwa na Faris ko Landan jami'arsa ta biya masa, zai ci gaba da ba mu labarinmu daga bakin wasu.

Ga shawarata ga wannan ƙungiya tamu. Kowace fitowa mu ware shafi biyu, mu ɗauki bincike guda da aka yi kan yankin nan, mu faɗi abin da ya ce da Hausa, da sunan mai shi, sannan mu faɗi inda muka yarda da inda muka ƙi. Mu kai wa gidan rediyon gari, ko a karanta. Na fara gwadawa da normes pratiques a fada, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure. Wani ya ce "dokar bayan fage", wani ya ce a'a, wannan ya yi kama da laifi, alhali wani lokaci ita ke sa aiki ya tafi. Wata ƴar uwa da ke karatun ungozoma, da aka kai mata maganar, ta aiko cewa su a wurin koyon aiki "yadda ake yi" suke ce mata, kishiyar "yadda aka koya mana". Har yanzu ba mu tsai da ɗaya ba.

Ni zan ɗauki babin Keita na littafin Rossi a fitowa mai zuwa, in Allah ya yarda. Wanda kuma yake da littafin Djibo Hamani na 1975 a gidansu, ko na mahaifinsa ne da ƙura ta rufe, don Allah ya ba mu aro.