Takarda Tana Da Jiki: Tsokaci Ga 'Yan'uwa Marubuta

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, abin da ya fi kusa da ido shi ne ido bai cika gani ba. Babu wani abu da marubuci yake taɓawa kullum kamar takarda. A kanta yake tsara labari, a kanta ake buga masa shi, kuma tsadarta ce take hana shi barci idan ya je maɗaba'a. Amma duk da wannan kusanci, idan mai nazari ya bi littattafanmu na ƙagaggun labarai, zai tarar takarda ba ta da wani aiki a cikinsu illa ɗaukar saƙo. Manufar wannan tsokaci ita ce a nuna cewa takarda abu ce mai jiki, mai ƙarfi da rauni, mai amfani iri-iri, kuma rashin lura da haka ya jawo wa adabinmu asara ta fuska biyu: ta fuskar abin da muke rubutawa, da ta fuskar abin da muke bugawa a kai.

Takarda A Cikin Littattafanmu

Duk wanda ya karanta littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya san wuraren da takarda take fitowa. Ko dai wasiƙa ce da saurayi ya ba ƙanwar budurwa ta kai mata, an fesa mata turare, ko takardar saki da miji ya jefa wa matarsa a kan gado, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar ɗaukar aiki wadda za ta mayar da talaka mai kuɗi cikin shafi biyu. A duk waɗannan wurare, abin da aka rubuta shi ne abin kula. Da za a cire takardar a sa ɗan aike ya faɗi saƙon da baki, labarin ba zai rasa komai ba. Shi ya sa da wayar salula ta shigo, marubuta suka maye gurbin wasiƙa da saƙon waya ba tare da wani ya ji an yi giɓi ba.

Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin alama ce ta wata cuta da ta fi shi girma, wato rashin kallon abin da yake gabanmu. Marubucin da zai ɓata shafi guda yana lissafa kujeru da labule da motocin gidan Alhaji, waɗanda galibi a fim ya gan su, shi ne kuma zai wuce kayan da mutanensa suke rayuwa da su bai ko waiwaya ba.

Takarda A Hannun Jama'a

To, bari mu bar littafi mu shiga kasuwa, ko ta Boɗinga ko ta Shagari ko wadda mai karatu ya fi sani. Mai ƙosai tana naɗe ƙosai a takarda, domin takarda tana tsotse mai, tana kuma barin tururi ya fita, saɓanin leda da take sa shi ya yi gumi ya saki. Mai tsire da mai kilishi sun fi son takarda mai kauri ruwan ƙasa, irin wadda a da ake samu daga buhun siminti, don ba ta yagewa ko ta jiƙe da mai. Da irin wannan takarda ce ɗalibai da yawa suka yi wa littattafansu bango. Mai kayan miya yana murɗa takarda ta zama mazubin barkono ko kanwa. Mai ƙwai yana jera ƙwansa a kan faranti mai gurabu, wanda ba komai ba ne illa tsohuwar takarda da aka jiƙa aka dama aka zuba a mazubi. Tela yana yanka samfurin wuyan riga a jikin kwali. Ɗan tasha yana shimfiɗa kwali ya kwana a kai lokacin hunturu, saboda iskar da take tsakanin rassan kwalin tana tare sanyin ƙasa. Mai hura wuta yana kama gawayi da ita, yara kuma suna yin jirgi da fanka.

Akwai ma inda takarda take ɓoye, ba a san da ita ba. Matatar mai da matatar iska da ke cikin injin mota, yawancinsu takarda ce aka naɗe aka yi mata ƙwarya. Taransifomar da ke bakin unguwa, wayoyin da ke cikinta an naɗe su da takarda mai ƙarfi an nutsa cikin mai, don kada wuta ta tsallaka inda ba a so. 'Yar jakar ganyen shayi da ake tsomawa a ruwan zafi takarda ce da ba ta narkewa. Manyan takardun naira kuwa daga auduga ake yin su, shi ya sa sukan tsira idan an manta da su a aljihu an wanke riga. A ƙasar Japan an daɗe ana yin ƙofofi da shingen ɗaki da takarda, har ma wani magini ɗan ƙasar mai suna Shigeru Ban ya gina majami'a da bututun takarda a birnin Kobe bayan girgizar ƙasar 1995, ya kuma yi wa 'yan gudun hijira rumfuna da irin wannan bututu a Ruwanda a 1999.

Sannan ga darajar da Bahaushe ya ba ta. Malam yana rubuta laya ya ninke, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke da fata. Dattijo yana ganin guntun takarda mai rubutun Larabci a ƙasa zai sunkuya ya ɗauka ya soke a jikin katanga, ko ya ƙone ta, don kada a taka sunan Allah.

Ina duk waɗannan a cikin littattafanmu? Alal misali, a ɗauka marubuci yana son ya nuna baƙin cikin yarinyar da aka cire daga makaranta. Abin da aka saba shi ne ta faɗa kan gado ta yi ta kuka har idanunta su kumbura. Amma da zai sa ta zauna kusa da kaskon mahaifiyarta da safe, tana yage shafukan littafinta na lissafi ɗaya bayan ɗaya tana naɗe wa masu saye ƙosai, tana ganin makin da malami ya ba ta da jan biro yana jiƙewa da mai, da bai buƙaci hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Takardar ta gama magana. Wannan shi ne bambancin wanda ya kalli duniya da wanda ya kalli littattafan 'yan'uwansa kawai.

Darasi Daga Sifawa Da Boɗinga

Mu da muke wannan yanki ba mu da uzurin jahiltar takarda. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kuma a 1813 ya kammala littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ma'anar sunansa ita ce ƙawata takardu. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812.

A wane abu aka yi ta kwafe irin waɗannan littattafai? A takardar da fatake suke ratso Sahara da ita ta hanyar Tarabulus da Masar, wadda akasarinta a arewacin Italiya ake yi. Idan aka ɗaga shahararriyar cikinsu ga haske, za a ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Da tsummokaran tufafi ake yin ta, don haka zarenta dogo ne mai ƙarfi. Tsadarta ta sa almajiri yake koyo a kan allo, wanda ake wankewa a sake, sai ya ƙware ake ba shi takarda. In an gama rubutu, a sa warƙoƙin tsakanin tadarishi, a zura cikin gafaka, a rataye nesa da gara da danshi.

Wani abin mamaki kuma, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya bayar da labarin cewa ana shigo da wannan takarda mai wata uku da yawa, kuma ana naɗe tufafin da aka rina a ƙasar da ita. Ashe ke nan tun wancan zamani takarda guda ce take ɗaukar ilimin malami, take kuma kare hajar falke. Magabatanmu ba su raba biyun ba. Sun san ta a matsayin kaya, sun san mai kyau da maras kyau, shi ya sa har yau ana iya zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna, a ga rubuce-rubucen ƙarni na 19 ana karanta su sarai.

Takardar Da Muke Bugawa A Kai

Yanzu mai karatu ya ɗauko wani littafin soyayya da aka buga a Kano a wajen 1992, in har zai samu. Zai ga ya yi ja kamar an shafa masa shayi, in ya lanƙwasa gefen shafi sau biyu sai ya karye, ƙusar da aka ɗinke shi da ita ta yi tsatsa ta cinye tsakiya. Littafin da bai wuce shekara 30 da 'yan kai ba ya riga na shekara 200 tsufa. Dalili kuwa shi ne, tun daga shekarun 1840 Turawa suka gano yadda ake niƙa itace a yi takarda mai araha. Irin wadda ake buga jarida da ita ba a cire mata wani sinadari na itace da yake sa ta ja idan ta sha haske da iska, ga kuma tsami a jikinta da yake cin zarenta sannu a hankali. An yi ta ne don a karanta yau a yar gobe.

Adalci ne a faɗi cewa ba da son rai marubuta suka zaɓe ta ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku su ma suka durƙushe a shekarun 1990. Matasa maza da mata da suka tara kuɗinsu suka buga da kansu, su suka raya karatun Hausa a wannan lokaci, kuma ba don takarda mai araha ba da ba a yi wannan yunƙuri ba. Sai dai a muhawarar Adabin Kasuwar Kano da aka yi ta tafkawa a jaridu a wancan zamani, an fi ba da ƙarfi a kan tarbiyya da jigo da ƙa'idar rubutu. Ga shi yanzu mai bincike yana neman littattafan da aka yi faɗan a kansu, da yawa sun zama gari, wasu kuma sun ƙare a hannun mai ƙosai.

A nan ma akwai abin tsoro. Yawancinmu mukan buɗe littafi da Bisimilla, mu kawo aya ko hadisi a tsakiyar labari, alhali mun san irin takardar da muka buga a kai da inda za ta ƙare in ta tsufa. Wanda ya san makomar takardarsa zai yi tunani kafin ya ɗora mata abin da bai kamata a naɗe tsire da shi ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa guda uku ce. Ta farko, mu koyi kallon kayan da ke hannun mutanenmu, mu bar su su yi aiki a cikin labari, mu fara da takarda tunda ita ta fi kusa. Ta biyu, duk wanda zai je maɗaba'a ya tambayi irin takardar da nauyinta. In kuɗi bai isa a buga duka a mai kyau ba, to a ware ko kwafi 20 a buga a farar takarda mai nauyin giram 70 ko 80, a ɗinke da zare maimakon ƙusa. Ta uku, a kai waɗannan kwafe inda za a adana su. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ba da kwafi 3, kuma ya dace kowane reshe na ƙungiyarmu ya tanadi akwatin ajiyar ayyukan mambobinsa. Masu sakin labaransu ta waya su ma kada su saki jiki, domin waya tana ɓata, tana lalacewa.

Mai ƙosai ta san takardar da za ta riƙe mata mai, baduku ya san wadda za ta jure ninki. Abin kunya ne a ce marubuci, wanda sunansa da amanarsa suke kanta, shi ne ya fi kowa jahiltarta. Allah Ya sa mu gyara, amin.