Shirin Hira na Rana da Giɓin da Yake Bari a Tasha

Shirin hira na rana nau'i ne na shirye-shiryen talabijin da rediyo da ke tsaye a kan duwatsun murhu uku: mai gabatarwa guda wanda jama'a suka haddace muryarsa, baƙo ko batun da ke canzawa kullum, da lokaci tsayayye tsakanin hantsi da la'asar sakaliya. Idan ana yabon shiri, mai gabatarwa ake ambata, amma a lissafin gidan da ke watsa shi lokacin nan ya fi komai daraja. Mutumin da ya saba kunna akwatinsa ƙarfe huɗu kowace rana ya daina zaɓen tasha, hannunsa ne ke kai shi. Wannan sabo shi ne jarin da tasha ke sayar wa masu talla, kuma shi ne abin da ke watsewa ranar da shirin ya tsaya.

Siffar da aka san shirin da ita a talabijin ta samo asali ne a Amurka. A 1967, a garin Dayton na jihar Ohayo, Phil Donahue ya fara wani shiri da ya saɓa wa al'adar lokacin. Maimakon ya zauna bayan tebur yana tambayar baƙo shi kaɗai, sai ya riƙa shiga cikin 'yan kallo da abin magana a hannu, yana miƙa wa matan da suka cika zauren su yi tambaya da bakinsu. Masu kallon talabijin da rana a lokacin galibinsu matan gida ne, kuma Donahue ya ɗauke su a matsayin masu hankalin tattauna siyasa da addini da zaman aure. Shirinsa ya kai 1996 kafin ya tsaya.

A Amurka galibi irin wannan shiri ba mallakar tashar da ke nuna shi ba ne. Kamfani guda ke shirya shi, wani kamfanin ya yi dillancinsa gari-gari, kowace tasha ta yi hayarsa na wasu shekaru. Tasha takan biya kuɗi, sannan ta bar wa mai shirin wasu mintoci na talla a ciki, ita kuma ta sayar da sauran ga 'yan kasuwar garinta. Ribar da ta fi wannan tana zuwa ne bayan an rufe shirin. Wanda ya kalli hira daga huɗu zuwa biyar yakan zarce da labaran gari na ƙarfe biyar a tashar da yake kai, kuma labaran nan su ne saniyar tatsar kowace tasha, domin duk tallan da ke cikinsu nata ne.

Babu shirin da ya nuna ƙarfin wannan tsari kamar na Oprah Winfrey. Ta karɓi wani shirin safe mai rauni a tashar WLS ta Chicago a Janairun 1984, cikin ɗan lokaci ta sha gaban Donahue a garin, sannan ranar 8 ga Satumba 1986 aka fara watsa shirin a faɗin ƙasar da sunanta. Kamfaninta na Harpo ya mallaki shirin, kamfanin King World kuma ya yi dillanci. Abin da ta ƙara a kan salon Donahue shi ne buɗe cikinta: ta yi maganar talaucin da ta taso a ciki da cin zarafin da aka yi mata tana yarinya, baƙinta ma suka saki jiki suka faɗi nasu. A 1996 ta buɗe dandalin karatun littattafai, wanda duk littafin da ya shiga sai ya yi kasuwa. Shirin ya yi shekara 25, an yi fitowa 4,561, ana kallonsa a ƙasashe fiye da 140.

Ranar 20 ga Nuwamba 2009 ta sanar cewa za ta tsaya, ranar 25 ga Mayu 2011 kuma aka nuna fitowa ta ƙarshe, wadda mutum kimanin miliyan 16 suka kalla a Amurka. Ke nan tashoshi sun samu wa'adin wata goma sha takwas su shirya. Manyan tashoshin kamfanin ABC na New York da Filadelfiya suka cike gurbin da ƙarin labaran gari na ƙarfe huɗu. WLS ta Chicago, wadda ke nuna shirin da safe, ta ƙirƙiro nata shirin hira na cikin gida. Wasu tashoshi da dama suka ɗauko shirin likitan nan Mehmet Oz, wanda shi ma a zauren Oprah ya yi suna. An gwada sababbin fuskoki daga cikin manyan 'yan jarida, Anderson Cooper a 2011 da Katie Couric a 2012, amma kowannensu shekara biyu ya yi aka naɗe tabarmar shirinsa. Babu wanda ya sake tara jama'ar da ta watse.

Zaɓin labarai da manyan tashoshin suka yi yana da ma'ana. Ɗakin labarai yana nan, ma'aikata suna nan, ƙarin sa'a guda ba ya cin kuɗin da hayar babban shiri ke ci. Sai dai an yi asarar wani abu da ba ya shiga littafin akanta: sa'a guda da ake zama a kan batu ɗaya har a kai ƙarshensa ta koma gutsattsarin rahotannin haɗari da yanayi. Haka aka ci gaba. Shirin Ellen DeGeneres ya tsaya a Mayun 2022 bayan shekara 19, na Maury Povich ma a shekarar, na Dakta Phil a 2023, kuma duk lokacin da ɗaya ya tafi, masu kallon da suka rage wa na bayansa sun fi na da ƙaranci, saboda waya da intanet sun riga sun raba hankalin mutane.

A ƙasar Hausa nau'in ya samu gida tun kafin ya iso, domin hira sana'ar kowa ce, daga zauren mai gari zuwa tabarmar gindin bedi. Bambancin shi ne, a nan rediyo ne ya riƙe matsayin da talabijin ya riƙe a Amurka. A Nijar talabijin ya fara ne a 1964 a matsayin na koyarwa a makarantu, bai zama na kowa ba sai ƙarshen shekarun 1970 da sunan Télé Sahel, tashar talabijin mai zaman kanta ta farko kuwa, Ténéré, sai a 2000 ta buɗe. Har yau kallon rana yana buƙatar abu biyu da ƙauye ba ya da su a wadace, wato wutar lantarki da zaman gida. A kwamin ɗin Guci, wadda ke cikin gundumar Magariya kafin a ba Dungas tata gundumar a 2011, talabijin abin dare ne, na gidan kallo mai janareta ko faranti mai hasken rana, inda ƙwallo da finafinan Kano suka fi jan matasa. Da rana kuwa ƙaramar rediyo ce ke aiki. Takan zauna a kan teburin mai shayi tsakanin gwangwanin madara da tulin burodi, an ɗaure murfin batirinta da roba, idan aka sauko daga sallar la'asar sai mai ita ya ɗan karkata eriya, majalisa ta yi tsit har a gama kanun labarai, sannan gardama ta ɓarke. A cikin gida kuma matan da ke surfe ko tankaɗe sukan jingine wayar da ke kama FM a jikin turmi.

Muryoyin da suka daɗe a waɗannan akwatuna sanannu ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna mai Jakar Magori a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa (RFI) kuma ya buɗe sashen Hausa a 2007. Da farko ta gajeren zango ake kamo na ƙetare. Bayan da aka buɗe ƙofar kafofi masu zaman kansu a shekarun 1990, gidaje irin su Anfani suka kafu a Yamai da Damagaram, rediyon al'umma ma suka fara yaɗuwa tun daga na Bankilare a 1999, sai tashoshin ƙetare suka ƙulla ƙawance da su domin a riƙa jin su tangaram a FM. Wannan ƙawance ɗan'uwan tsarin hayar Amurka ne, illa dai kuɗin ba ya bin hanya ɗaya. Tashar gida takan samu shiri tsararre ba tare da ta biya ba, wani lokaci har da horo da kayan aiki, shirin kuma ya jawo mata masu saurare waɗanda za su zarce da sanarwowinta da tallanta. Gidajen talabijin ma sun ci wannan moriya da shirye-shirye irin su Taskar VOA ta Muryar Amurka.

Cikin ƙasa da shekara biyu aka ga iyakar wannan dogaro. A farkon Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse RFI da tashar talabijin ta France 24 a Nijar. Ranar 12 ga Disamba 2024 hukumomi suka dakatar da watsa shirye-shiryen BBC na wata uku, aka umarci tashoshin ƙawance su daina ɗauka. A tsakiyar Maris 2025 kuma, wannan karon daga Washington, umarnin Shugaba Donald Trump ya sa aka tura ma'aikatan Muryar Amurka kimanin 1,300 hutun dole, sashen Hausa mai shekara 46 ya yi shiru. Waɗanda suka murɗa akwati a lokacin da suka saba, har da na ƙarfe huɗu na yamma, kiɗa suka tarar. Shirye-shiryen muhawara da na iyali irin su Tsaka Mai Wuya da Domin Iyali suka ɓace ba sallama.

A nan ne bambanci da labarin Oprah ya fi zafi. Tashoshin Amurka sun samu shekara ɗaya da rabi, suna da ɗakunan labarai da kuɗin gwaji. Ƙaramar tashar FM a jihar Damagaram ta kwana da shiri ta tashi babu, kuma ma'aikatanta ƙalilan ne, wasu ma aikin sa kai suke yi. Abin da ke hannu shi ake zubawa a gurbin: kiɗa, gaishe-gaishe, sanarwar biki da rasuwa da cigiyar dabba, wa'azin da aka naɗa, ko kuma a sayar da lokacin ga mai maganin gargajiya ko wani mai hali da ke son a ji shi. Babu laifi a gaisuwa ko cigiya, su ne ma ke sa mutanen karkara su ji tasha tasu ce. Haɗarin yana ga lokacin da aka sayar, domin wanda ya biya kuɗin fili ba a katse shi da tambaya, alhali tambaya ita ce ran shirin hira. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma tashar da ta gina sa'o'inta mafi tsada a kan shirin wani ta ga hakan a aikace.

Shirye-shiryen gida da suka yi ƙarko sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Freedom Radio ta Kano, wadda ta fara a 2003, ta kafa sunanta da Inda Ranka da Barka da Hantsi, tashar Arewa24 kuma tun bayan buɗe ta a 2014 ta riƙe safiyar masu tauraron ɗan'adam da Gari Ya Waye. A Nijar, Studio Kalangou da gidauniyar Hirondelle ta kafa a Yamai a 2016 yana shirya labarai da muhawara cikin Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa, rediyon al'umma suna watsawa. 'Yan ƙasa ne ke yin sa a kan al'amuran ƙasa, wannan kuwa ci gaba ne babba, ko da yake kuɗin tafiyar da shi daga masu tallafi na waje yake fitowa, ke nan shi ma igiyarsa ba a hannun tashoshin take ba.

Shirin hira shi ne mafi araha cikin shirye-shirye masu nauyi, tunda ba ya buƙatar 'yan wasa ko kayan ado. Abin da yake ci shi ne man babur ɗin da zai ɗauko baƙo, katin wayar da za a karɓi kira, wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar magana ba, da albashin da zai riƙe mai gabatarwa shekara da shekaru har muryarsa ta zama ta gida. Wannan na ƙarshe ya fi wuya, domin da zarar matashi ya goge, babban birni ko wata ƙungiya ke ɗauke shi. Wasu kuma sun gane ba sai da tasha ba, kamar yadda 'yar fim Hadiza Gabon ta kai shirin hirarta YouTube, inda mai kallo ke zaɓen lokacinsa da kansa.

Komawa waya ba ta yi wa kowa daidai ba. Matashin Guci da ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana dawowa da katin ƙwaƙwalwa cike da hirarraki da wa'azi, mai tsohuwar rediyon gajeren zango kuma yana iya kamo BBC daga Landan kai tsaye ko da an rufe FM. Matan da ke cikin gida, waɗanda tun zamanin Donahue su ne ainihin masu shirin rana, su ne suka fi ƙarancin babbar waya da kuɗin data, kuma su ne shirye-shiryen lafiya da iyali suka fi amfana, tun daga maganar awon ciki da rigakafi har zuwa haƙƙin mace bayan saki. Jadawalin rana ma a wannan yanki yana bin shekara: da damina maza suna gona daga safe zuwa azahar, da rani da yawansu sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, saboda haka mafi yawan kunnuwan da ke jiran tasha tsakanin hantsi da la'asar na mata ne da tsofaffi.