Taskar Rubuce-rubucen Hannu ta Jami'ar Ibadan: Ina Gurbin Ajami?

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda aka gina taskar rubuce-rubucen hannu ta Jami'ar Ibadan, da irin mazubin da aka zuba ta a ciki. Manufar ita ce a nuna cewa masana tarihi ne suka tara wannan dukiya domin amsa tambayoyin tarihi, don haka har yanzu akwai bashi a wuyan manazarta harshe.

2.0 Yadda Aka Kafa Taskar

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta kuma zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962. A wancan zamani akwai Turawan da ke da'awar cewa Afirka ba ta da tarihi tunda ba ta da rubutu. Kenneth Dike na cikin waɗanda suka tashi tsaye don rushe wannan da'awa. Bincikensa kan takardun gwamnati ne ya haifar da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa a 1954, wanda aka gina wa mazauni a harabar kwalejin.

A ɗakin karatu kuwa, W.E.N. Kensdale ya tattaro littattafan malaman Arewa, ya fitar da fihirisarsu tsakanin 1955 da 1958. A 1964 John Hunwick ya jagoranci kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci, wadda takan ari littafi daga mai shi, ta ɗauki hotonsa a fim, ta mayar masa. A wannan shekara ce Murray Last ya kammala digirinsa na uku a Ibadan kan Daular Sakkwato, aikin da aka buga a 1967. Babu mai musun girman wannan hidima.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Abin lura na farko shi ne suna. Fihirisar Kensdale da cibiyar Hunwick duk da sunan Larabci aka san su. Amma malaman da suka bar mana waɗannan takardu ba da harshe ɗaya suka yi aiki ba. Nana Asma'u (1793–1864) ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Idan aka kira taskar irin waɗannan malamai ta Larabci kawai, mai neman Hausa zai wuce ƙofar bai leƙa ba.

Na biyu shi ne tsari. Fihirisa irin ta masana Larabci kan dogara da sunan mawallafi da sunan littafi da layin farko. Wannan ya dace da littafi kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. Waƙar ajami kuwa sau da yawa ba ta ɗauke da suna, da basmala take buɗewa kamar sauran 'yan'uwanta, shekararta kuma tana ɓoye cikin ramzi a baitocin ƙarshe. Haka nan fassarar kalmomi da almajiri kan rubuta da harshensa a gefen shafi ko tsakanin layuka ba ta da gurbi a irin wannan tsari.

Kada a ɗauki wannan hashiya ƙaramin abu. A 1960 A.D.H. Bivar ya ba da labarin wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da shekarar 1669. Daga bayanan gefen irin waɗannan Alƙur'anai ne Dmitry Bondarev da abokan aikinsa suka yi nazarin tsohon harshen Kanembu. Abin da mai tarihi ya ɗauka ƙari ne, ga mai nazarin harshe shi ne jigo.

Na uku shi ne hoton kansa. Fim baƙi da fari ba ya rarrabe launin tawada, alhali marubuta kan sa wasula da jar tawada. Mai karanta Larabci yana iya rabuwa da wasali ya gane ma'ana. Mai karanta ajamin Hausa kuwa, in wasali ya dushe, ko ɗigon imala mai nuna "e" ya ɓace, ba zai bambance wasu kalmomi ba sai da ƙyar.

4.0 Kammalawa

Laifin ba na magabata ba ne, domin sun amsa tambayar zamaninsu. Mervyn Hiskett (1975) da Bello Sa'id (1978) sun nuna irin arzikin da ke cikin waƙoƙin ajami, sai dai ta fuskar adabi suka fi kallon su. Abin da ya rage shi ne manazarta Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarbanci su koma wa taskar shafi bayan shafi, su yi mata fihirisa ta biyu wadda za ta nuna harshen kowane rubutu, da karin harshensa, da salon baƙaƙensa. Sai an yi haka za a iya rubuta tarihin harshen Hausa na kafin zuwan boko bisa hujja.