Yajin 2005 da abin da muka kasa riƙewa

A 2005 gwamnatin Tandja ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wutar lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya ce a rufe gari, aka kuwa rufe. Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, kasuwa tsit. An jefa su Nuhu Arzika kaso, amma daga baya gwamnati ta janye harajin daga mafi yawan kayan.

Nasara ce, ban musa ba. Sai dai ga inda nake da magana. Mai tireda da mai ƙosai su suka yi asarar cinikin yini, amma da aka zo sulhu, shugabanni ƙalilan ne suka zauna a Yamai, da Faransanci. Talaka an kira shi ya cika titi, ba a kira shi shawara ba.

Shi ya sa a 2009, da Arzika ya goyi bayan tazarce, mabiya da yawa suka rasa inda za su sa kansu, don mutum suka bi, ba tsari ba. Ƴan'uwa ɗalibai, ko a taronmu na jami'a, in shugaba bai zo ba, wa ke iya buɗe taro?