Takalma a ƙofar zaure

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka gajeren fim wasan yara ne, tunda minti goma ne ko sha biyar. Ni a wurina ya fi dogon fim wuya. Mai fim mai dogon zango yana da makonni ya ja labari, ya sako waƙa, ya dawo. Ɗalibin da aka ce ya kawo fim na minti goma, a Jami'ar Bayero ta Kano ko a makarantar koyon fim ta Jos, shafi goma kacal gare shi, don a lissafin marubuta fim shafi ɗaya minti ɗaya ne. In kuma ya ce mutuwa da rigimar gida da iko zai taɓo, to ya ɗauko Dala ba gammo.

A ce yaron ɗan Achilafiya ne, can ƙasar Kazaure, ya zo hutu da wayarsa da abokai uku. Labarin: magidanci ya rasu, ƙanensa ya zo ya riƙe gona. Gawa dai ba za ta nunu ba. Da wuya a sami dattijon da zai yarda a naɗe shi a likkafani a ɗora a makara don wasa, ko ya yarda iyalinsa ba za su yarda ba. Sai yaron ya ajiye waya a ƙasa, daidai ƙofar zaure, ya ɗauki takalma: silifa, sau-ciki, fade, birjik, wasu kan wasu, ga butoci a gefe. Ba kiɗa, ba guɗa. Duk Bahaushen da ya gani ya san zaman makoki ake. Can a shafa fatiha, kowa ya zura nasa ya tafi, a bar takalmi guda wanda mai shi ba zai fito ba. Daƙiƙa ashirin, ba wanda ya ce uffan, amma an gama sanar da mutuwa.

Iko ma haka. Ba sai baffa ya ɗaga murya ba. A zaunar da shi kan kujerar marigayi, a ɗauke shi daga ƙasa yadda zai cika allo, marayan kuma a ɗauke shi daga sama, durƙushe, ya zama ɗan mitsitsi. Uwar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin bin sawun gona. Muryarta kawai za a ji daga bayan labule. Baffa ya ce, "Ai ni ne ubanku yanzu," ya jefa makullin ɗakin hatsi cikin aljihu. Marayan ya ce, "To, Baffa." Wannan "to" ɗin shi ne fim ɗin gaba ɗaya, kuma gwani ba zai yanke hoton nan da nan ba. Zai bar fuskar marayan ta daɗe a allo har mai kallo ya ji ba daɗi.

Wannan hanya tana da tushe. Ousmane Sembène na Senegal, bayan ya koyo aikin fim a Mosko, ya yi Borom Sarret a 1963, kimanin minti ashirin. Labarin mai amalanken doki ne a Dakar. Cikin fasinjojinsa har da uba rungume da gawar ɗansa, aka hana shi shiga maƙabarta saboda takarda. Kafin yamma ɗan sanda ya ƙwace amalanken don ya shiga unguwar manya, ya koma gida hannu rabbana. Wajen maƙwabtanmu na Nijar kuwa, Moustapha Alassane ya yi wa masu mulki shaguɓe a Bon Voyage Sim a 1966, da zanen kwaɗi. Mu da muka tashi da Kannywood tun Turmin Danya na 1990 mun fi sabawa da a fasa kuka a ɗora kiɗan tausayi. Ban raina ba, yana da masoyansa, amma ɗalibin da ya iya cire kiɗan ya bar kukan kurciya da ƙarar turmi daga nesa ya fi burge ni.

Sauran aikin wahala ce tsagwaronta. Haske na Allah ne, don haka da hantsi ko la'asar sakaliya ake ɗauka. Rana tsaka tana ƙona fuska, hazon hunturu kuma alheri ne. Caji ya ƙare. Hoto yakan yafe wa mutum, sauti ba ya yafewa: ana tsaka da maganar baffa sai babur ya wuce, akuya ta amsa, yaran da suka yi dafifi su fashe da dariya, a sake daga farko. Kafin duk wannan sai an gaida mai unguwa, an nemi izinin mai gida, tunda ba a faɗa wa gidan matan aure da kyamara haka kawai. Sannan a zauna tacewa, a zubar da hoton awa biyu don a tsira da minti goma.

Saboda haka, jama'ar Achilafiya, in irin wannan yaro ya zo neman aron zaure, a ba shi. Mai injin niƙa kuma, don Allah a kashe masa na minti biyar.