Hoton Duhu Kafin Hoton Taurari

Duk wanda ya taɓa saita kyamara a kan Kaza da 'Ya'yanta a daren hunturu ya san abin da ke fitowa: ɗigo shida ko bakwai a baƙin fage mai tsaki-tsaki. A hotunan masu sha'awar ɗaukar sararin samaniya kuwa, taurarin nan kwance suke cikin shuɗin hayaƙi, wato ƙurar da ke maido da haskensu daga nisan shekarun haske kusan 440. Ba tsadar kaya kaɗai ta kawo bambancin ba. Nasu hotuna ne masu yawa aka jera, aka haɗe a kwamfuta da manhajoji irin su DeepSkyStacker, Siril ko PixInsight.

Hasken tauraro yana wuri guda a kowane hoto, tsakin kuwa yawo yake yi. A haɗa huɗu, tsabtar ta ninka biyu. Ana son ta ninka goma, sai an haɗa ɗari. A 1880 Henry Draper ya bar farantinsa buɗe kusan minti 50 kafin ya kama gajimaren Orion. Na yau sukan yanka daren gunduwa-gunduwa, minti ɗaya zuwa biyar, injin bin taurari yana juya madubin hangen nesa daidai da juyawar duniya, digiri 15 a awa. In buɗewar ta gajarta, tsakin na'urar ya rinjayi hasken. In ta yi tsawo, manyan taurari su ƙone su koma farare fat, launinsu ya tafi ke nan.

Amma ni a ganina, inda ake gane ƙwararre shi ne hotunan da babu tauraro ko ɗaya a ciki. Mai awo na gaskiya sai ya cire nauyin kwano kafin ya faɗi nauyin kaya, kuma aikin waɗannan hotuna ke nan.

Na farko hoton duhu ne. A rufe bakin madubin, a ɗauka da tsawon lokaci da zafi iri ɗaya da na ainihin hotunan, abin da ya fito a debe shi. Farantin kyamara yana haifar da hasken ƙarya saboda zafi, kuma yakan ninka da ƙarin digiri 6 zuwa 8. Don haka duhun da aka ɗauka a sanyin Disamba ba zai gyara hoton daren Afrilu a Sakkwato ba. Guda ɗaya ma ba ya isa, don shi kansa da tsakinsa yake zuwa. Ashirin ko talatin ake haɗawa. Akwai kuma na ƙiftawar ido, shi ma a rufe, mai auna abin da na'urar ke ƙarawa tun kafin haske ya shigo.

Wanda aka fi yi wa ƙyuya shi ne na farin fage, alhali shi ya fi komai canza hoto. Da asuba, ido ya yi nauyi, mutum zai ɗaure farar riga a bakin madubin, ya fuskantar da shi sama, ya ɗauka ba tare da ya taɓa saiti ko ya juya kyamarar ba. Nan za a ga kusurwoyi sun dushe, ga kuma inuwar kowace ƙwayar ƙura ta fito kamar zobe. Wannan ba debe shi ake yi ba, raba hoton ake yi da shi, sai dusasshen wuri ya ɗago. Wanda ya kwance kaya ya ce sai gobe ya yi asara, domin ƙura ta gusa, kuma mai aiki a lokacin hazo ya fi kowa sanin haka.

Sai batun launi, inda gardama take. Tsarin ƙwayoyin launi na farantin kyamara da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976 ya ba kore ƙwayoyi biyu, ja ɗaya, shuɗi ɗaya; wannan da ƙarfin farantin wajen kama kore sukan sa ɗanyen hoto ya fito da kore-kore. In da tsarin RAW aka ɗauka, daidaiton fari da aka zaɓa a kyamara bayani ne kawai da ke maƙale da fayil, bai taɓa ainihin abin da aka kama ba. Gyaran yana zuwa ne bayan haɗawa, bayan an cire jan fitilun gari. Manhajojin yanzu suna gwada taurarin hoton da ma'aunin da kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai ya tattara, su daidaita launi a kansa. Na fi amincewa da wannan a kan idon mai gyara, domin ido yana son shuɗi ya ƙara shuɗi. Ban hana kowa ƙawata hotonsa ba. Hotunan madubin hangen nesa na Hubble ma akwai waɗanda aka sanya wa hasken iskar haidirojin kore alhali ja ne. Sai dai su sukan bayyana yadda suka raba launukan, kuma haka ya kamata mai madubi a bayan gida ya rubuta a ƙarƙashin nasa.